Zuwa ga Ministan Lafiya: a daidaita Hausar da muke kiran cuta da ita

Mai girma Ministan Lafiyar Al'umma na Jamhuriyar Nijar, Yamai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙon wannan nauyi, ina rubuto maka ne daga Tawa. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, na yi aikina a ƙananan likitocin karkara na ƙasar Adar. Da na huta, sai wani gidan rediyo ya riƙa gayyata ta shirin kiwon lafiya, inda jama'a ke bugo waya suna tambaya. Na yi wasiƙar a fili ne domin maganar ta shafi duk wanda ya taɓa fitowa daga gaban ma'aikacin lafiya yana tambayar na kusa da shi, "Me ya ce?"

Tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, muhawara ta fi karkata ga lakkol da takardun gwamnati. Ɗakin duba maras lafiya kuwa shi ne wurin da Hausa ta daɗe tana aiki ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Yaro ya gama makarantar ma'aikatan lafiya ta Yamai ko ta Damagaram, ko ya fito daga sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, duk iliminsa da Faransanci ya sha shi. A tura shi Buza ko Keita ko Madawa, ranar farko uwa ta kwanto ɗanta daga baya ta yi masa bayani da Hausar Adar. Daga nan kowa sai ya ƙirƙiri tasa fassarar. Wanda bai ji Hausa sosai ba, mai gadi ko mai shara ke yi masa tafinta, wani lokacin ma ɗan lakkol ɗin da ya rako kakarsa. Rajista da Faransanci, rahoton mako da Faransanci, amma tushen da aka ɗora su a kai, wato abin da uwar ta ce da abin da ta fahimta, yana nan kara zube.

Bari in fara da cutar shawara, domin a nan jiharmu muka ga aikinta. A ƙarshen watan Agusta na 2016 aka fara kai rahoton mutanen da ke mutuwa a yankin Cintabaraden da zafin jiki, idanu rawaya, wasu jini na fita ta hanci ko ta baki. A daidai lokacin dabbobi na ta ɓari suna mutuwa. Da aka kai jini Dakar, cibiyar Pasteur ta tabbatar cewa zazzaɓin Rift Valley ne, wanda ya samo sunansa daga wani kwari na Kenya, kuma kafin abin ya lafa an rasa mutum sama da 30. Cuta ce da ke kama wanda ya yanka dabbar da ta kamu, ko ya taɓa ɗan da ta ɓarar, ko ya sha ɗanyen nononta; sauro ma yana ɗaukar ta. To makiyayin da ya shigo kasuwar Abalak, me sunan wani kwari na ƙasar Kenya zai gaya masa? Abin da ya gani da idonsa shawara ce. Kowa kuma ya san abin da ake faɗa a kanta, wai shawara ba ta son allura, maganinta sai na gargajiya. Kalma ɗaya ta riga ta nuna masa hanyar da ba ta bi ta likita ba.

Shawara a bakin jama'a ta tattara cututtukan da ba abin da ya haɗa su sai launin ido. Akwai ciwon hanta nau'in E da ya ɓarke a Diffa a 2017 ta gurɓataccen ruwan sha, ya fi kashe mata masu ciki. Akwai nau'in B da ke bin jini da haihuwa da saduwa, ya yi shekaru yana cin hanta mutum na yawonsa. Akwai wadda sauro ke kawowa, da ake yi wa jarirai allurarta a wata tara. Mai amosanin jini idonsa kan yi rawaya, haka jaririn kwana uku, haka wanda masassarar cizon sauro ta yi wa mugun kamu. Wata maganinta a gyara rijiya, wata a yi wa gari guda allura, wata a garzaya a ƙara jini tun kafin dare. Ba mai iya kashe kalmar, kuma ba a buƙatar haka. A dai tsayar da magana ɗaya da kowane ma'aikaci da kowane ɗan rediyo zai riƙa faɗa: shawara alama ce, sai an auna jini ake sanin wace cuta ce a bayanta. Sannan kowace a yi mata laƙabin da ke nuna hanyarta, ta ruwa, ta jini, ta dabbobi, yadda mai ji zai san abin da zai guda.

Rigakafi ita ce ta fi wahalar da mu a ɗakin awo. Allurar ƙyanda rigakafi, ɗigon shan inna rigakafi, bitamin A rigakafi, maganin tsutsar ciki rigakafi, har sange ma rigakafi. Tun 2013 aka ƙaro ƙwayoyin da ake bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, don kare su daga masassara. Su ma rigakafi. Ka tambayi uwa ko an yi wa yaro rigakafi, ta ce an yi, kuma gaskiya ta faɗa. In karne ya ɓata ko gara ta cinye, sai ka zauna kana laluben ko a baki aka ɗiga ko a cinya aka soka, a gida ko a likita, da damina ko da rani. Su ƙwayoyin daminar nan kwana uku ake sha, ranar farko a gaban mai rabawa, sauran biyun uwa ke bayarwa a gida. Wadda ta saba cewa rigakafi abu ne da ake yi sau ɗaya a wuce, takan adana ragowar sai yaro ya yi zafin jiki ta ba shi a matsayin magani. Yanzu ga allurar masassarar cizon sauro da aka ƙaddamar a Gaya a watan Satumba na 2024, wadda sai an yi ta sau huɗu, kuma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba. In ba a raba sunayen nan tun da wuri ba, za mu ji iyaye na cewa an yi wa yaro allura, me kuma zai yi da ƙwayoyin damina.

Mun riga mun ga irin wannan da sanƙarau. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac, ta karya lagon nau'in A da ya daɗe yana yi mana ɓarna. A 2015 sai nau'in C ya taso, ya kama mutum sama da dubu 8, ya kashe sama da 500, har aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu. Mutane suka ce ai an yi mana allurar sanƙarau, ashe ta banza ce. Allurar ta yi aikinta. Abin da bai isa kunnensu da harshensu ba shi ne sanƙarau iri-iri ne, kowane iri da tasa allurar. Sunan kansa ma yana da tarko, domin sanƙarewar wuya yake nunawa, jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya ƙagewa, sai dai maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas. Uwar da ke jiran wuya ya sanƙare ta makara.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne maganar abinci. Tun yunwar 2005, lokacin da cibiyoyin ciyar da yara suka cika Maraɗi da Damagaram da Tawa, muka shiga zamanin CRENI da CRENAS da CRENAM, wato sunayen cibiyoyin nan a taƙaice, haruffan da ko wasu ma'aikata sai sun tsaya sun tuna ma'anarsu. Jama'a dai tamowa suka sani, wasu su ce kwamiso. Amma tamowar da uwa ta sani ita ce ta rama, yaro ya bushe, fatar ɗuwawu ta yamutse. Wanda ƙafafunsa da fuskarsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba a sa shi cikin lissafi, sai a ce kumburi ne ko sanyi, wani ma a ce ya yi ƙiba. Shi ne kuwa ya fi kusa da kushewa. Ga na uku da ba a ɗauke shi maras lafiya ba ko kaɗan, yaron da ya tsumbure, shekarunsa huɗu, tsawonsa na ɗan shekara biyu da rabi. Binciken ƙasa ya sha nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 a Nijar haka suke. Abu in ya yi yawa haka ido kan saba da shi, sai a ce gajarta ce ta gado, alhali ƙwaƙwalwa ma tana tauyewa tare da jiki, kuma in yaro ya wuce shekara biyu gyaran yana da wuya.

A takardunku na tamowa an bambanta aiguë (ta farat ɗaya) da chronique (ta daɗewa), an bambanta sévère (mai tsanani) da modérée (matsakaiciya). Da zarar rahoton ya iso bakin makirufo, aiguë ta zama "mai tsanani", sévère ma ta zama "mai tsanani". Sai ka ji an ce kashi kaza na yaran ƙasa na fama da tamowa mai tsanani, alhali adadin ya haɗa masu matsakaiciya da masu tsananin ne gaba ɗaya. Ɗan jarida bai yi laifi ba, ƙamus ya buɗa ya ga haka. Amma bambancin yana da nauyi. Ta farat ɗaya, wadda ke zuwa da ƙarewar hatsi a rumbu ko bayan zawo da ƙyanda, ana iya fitar da yaro daga cikinta cikin makonni. Ta daɗewa kuwa aikin shekaru ce, tun daga cikin uwa. Ma'aunin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 10 a tashi tsaye, kashi 15 an shiga halin gaggawa, a kan ta farat ɗayar aka yi shi. Hakimin da bai san wace ake nufi ba, yaya zai san abin da zai nema wa mutanensa?

Akwai abin da ya yi kyau, kuma a ƙasar nan aka gwada shi. A Mirya ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da kansu da ɗan ma'aunin nan mai launi uku. Ja, ƙasa da milimita 115, a tafi likita yau. Rawaya, tsakanin 115 da 125, yaro ya fara zamewa. Tsanwa, a ci gaba da kula. Aka haɗa musu da danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne. Matan da ba su taɓa shiga aji ba suka iya, har tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. An ba su abin da ido zai gani, an gaya musu abin da za su yi, ba wanda ya ce su haddace périmètre brachial.

Plumpy'Nut kuwa akasin haka aka yi da shi. Ƙunshi ɗaya giram 92, kalori 500, gujiya da madara da mai da sukari da sinadarai, har kamfanin STA na Yamai na yin sa a gida. Magani ne da ake aunawa daidai nauyin yaro. Da ya shigo ba a raɗa masa suna ba, sai jama'a suka raɗa masa nasu: biskit. Biskit kuwa ba a hana wa yayye, ba a hana wa ɗan kishiya, kuma ba abin kunya ba ne a gan shi a tire a tasha. Mun sha faɗa da iyaye mata kan rabawa da sayarwa. Na sani talauci ne babban dalili, gidan da tukunya ba ta hau wuta ba ba a ce wa sauran yara su kau da ido, amma sunan ma ya sa hannu. Da tun farko "maganin tamowa" aka kafe a kai, a baki da jikin ƙunshin, da an rage wani abu.

"Abinci mai gina jiki" kuma ta zama waƙa. Ita ake faɗa in ana nufin abinci mai amfani gaba ɗaya, ita ake faɗa in furotin kawai ake nufi, mai saurare kuma nama da kaji ke zuwa ransa, sai ya ce wannan maganar masu albashi ce. A kira abubuwan da sunansu: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, zogale, kuka, yakuwa, fara, busasshen kifi, ƙwai, nono. A ce kunun yaro ya yi kauri har ya tsaya a cokali, a sa masa garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai, domin cikin ɗan wata takwas ƙarami ne, in aka cika shi da tsinkakkiyar hura da ruwa kawai ya ƙoshi. Haka "nono zalla har wata shida". Matar da ke ba jaririnta bauri da safe, da ɗan rubutu, da kurɓin ruwa saboda zafin Afrilu, in ka tambaye ta za ta ce nono zalla take ba shi, domin a wurinta waɗannan ba abinci ba ne. Sai an lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, sai kuma an kira dakashi da sunansa an ce kada a matse shi a zubar. Maganar rubutu ta fi ƙarfin ma'aikacin lafiya shi kaɗai. Malamai ya kamata a zauna da su, su da kansu su samo lafazin da ba zai zama cin fuska ba.

Wasu sunayen kunya suke ɗauke da ita. A wurare da yawa an ɗaure tamowa da rurrutsa, wato uwa ta yi ciki tana goyo, don haka kai yaro cibiyar tamowa tona asirin ɗaki ne, sai a ɓoye shi har abin ya yi nisa. Mun ga yadda kalmar ƙanjamau ta kori mutane daga gwaji, har gidajen rediyo suka koma cewa sida ko cuta mai karya garkuwar jiki. Cutar nan da ke cin fuskar yara, da likitoci ke kira noma (ba noman gona ba), wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023, ciwon iska ake ce mata. Wanda aka ce iska ta taɓa ba likita ake fara kai shi ba, alhali tun tana dasashi antibiyotik da wanke baki da abinci na tsayar da ita. Duk da haka ban bi bayan masu cewa duk sunan da ya taɓa iskoki a jefar da shi ba. Shan inna kowa ya san shi, da wannan sunan aka yi shekaru ana yaƙar cutar har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayarta a Agustan 2020, canza shi yanzu ɓata aiki ne. Kowane suna a dube shi shi kaɗai, a ga ko yana kawo mutum likita ne ko yana korar sa.

Sai harshen masu bin diddigin annoba, wanda korona ta tona mana asirinsa tun daga 19 ga Maris na 2020 da aka samu mutum na farko a Yamai. Cas suspect aka mayar "wanda ake zargi". Wa zai kai kansa inda za a zarge shi? Aka ce wa mutum yana ɗauke da cuta alhali yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, ya ce ƙarya ne, domin a Hausa maras lafiya shi ne wanda ya kwanta. Bayanin mai ɗauke da cuta ba tare da ta nuna a jikinsa ba, shi ne kuma ake buƙata ga ciwon hanta da sida da shan inna, da sanƙarau da ke zaune a maƙogwaron masu lafiya. Killacewa ma da an fara ta daga hadisin da almajirai suka sani, cewa in annoba ta sauka a ƙasa kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita, da an rage gardama.

Ita kanta annoba, mutane da yawa na ganin gwamnati ce ke ɓoye ta ko ke shelanta ta yadda ta ga dama, don ba su san ƙidaya ce ba. A sanƙarau, in aka samu mutum 3 cikin dubu 100 a mako guda a gunduma, an shiga faɗakarwa. In ya kai 10, annoba ce. A kwalara, mutum ɗaya da awo ya tabbatar ya isa a tashi tsaye. Wannan bai fi ƙarfin manomin da ke lissafin damman hatsinsa da zakkarsa ba. Kwalarar da ta kama mutum sama da dubu 5 a 2021, har da nan jihar Tawa, amai da zawo muka yi ta kiranta, sunan da ya dace da duk wanda ya ci abin da ya ɓata masa ciki. Abin da ya kamata ya shiga kunne shi ne zawo mai yawa, tsululu, launin ruwan wankin shinkafa, da ke iya ƙarar da babban mutum cikin yini guda.

Ga kuma ƙwaya. Virus da bactérie da parasite duk ƙwayar cuta muke ce musu, shi ya sa mai mura ke sayen antibiyotik a tire, ya sha biyu ya bar saura. Ba ka da hanyar gaya masa cewa irin ƙwayar da ke sa mura dama wannan maganin ba ya taɓa ta, balle ka kai ga bayanin yadda magani ke daina ci. Tarin fuka da fuka ma haka suke rikita mutane, ɗaya tibi mai yaɗuwa da ke buƙatar wata shida na magani, ɗaya asma da ba ta yaɗuwa. Mai ciki kuwa in aka ce mata tana da hawan jini da ƙarancin jini a lokaci guda, sai ta ce likita bai san aikinsa ba, yaya jini zai hau kuma ya yi kaɗan?

Ranka ya daɗe, ba ƙamus nake roƙo ba da za a ƙaddamar a otal a raba wa manyan baƙi. Ina roƙon ma'aikatarka ta ɗauki kalmomin nan a matsayin kayan aiki, ta ba su mai kula da kasafi kamar yadda allura da firjinta ke da su. Masu ilimin suna nan. Ga masana harshe na Jami'ar Abdou Moumouni, ga malaman ilimin koyarwa na Jami'ar Djibo Hamani a nan Tawa, ga INDRAP da ta daɗe tana rubuta littattafan harsunan gida, ga CERMES da ta san sanƙarau ciki da waje, ga LASDEL da masu bincikenta suka shiga ƙauyuka suna rubuta yadda mutane ke kiran cututtukansu, irin su zahi. Ƙa'idar rubutun Hausa ma an tsayar da ita tun 1999. Sai dai kada su zauna su kaɗai. A sa majo-majo na karkara, da ungozomai, da wanzamai masu cire beli, da mahauta, da masu shirin rediyo, kuma a fara da saurare kafin a ƙirƙiri komai.

Hausar Adar daban da ta Damagaram, ta Arewa daban da ta Gobir. Abin da wani ke kira ƙyanda, wani baƙon dauro yake cewa, wani dusa. Kada a zaɓi ɗaya a ce saura kuskure ne. A rubuta su duka, a nuna inda ake faɗar kowanne, domin ma'aikacin da aka ɗauko daga Gaya aka kai Keita ya gane in an faɗa masa. Inda aro ya riga ya zauna, irin bitamin da sida da palu (masassarar cizon sauro), a bar shi. Abin da nake tsoro shi ne dogayen kalmomin da ake ƙerawa a ofis, masu kyau a takarda, waɗanda ba bakin da zai ɗauka. Gwajin mai sauƙi ne: a faɗi maganar ga matan da ke layin awo, a ce su maimaita abin da za su yi in sun koma gida. In abin da suka faɗa ya saɓa, a koma a sake kalmar. Wannan gwajin har da awon magani. "Sau uku a rana" wani da safe yake shanye ukun. In ka ce asuba da azahar da isha'i, ya zauna. "Lita ɗaya" ta ruwan gishiri da sukari kuma sai an nuna ta da kwanon da ke gidan.

Abin da aka daidaita a naɗe shi da murya, domin yawancin waɗanda ake yi dominsu ba sa karanta boko, amma WhatsApp da rediyo sun kai ko'ina. A rubuta shi da ajami ga masu karanta shi. A sa shi cikin karatun makarantun lafiya, da jarrabawar baka, ɗalibi ya yi wa uwa bayanin ƙwayoyin damina da harshen da take ji kafin a ba shi takardar gamawa. Wanda ke tafinta a likita a koyar da shi, a san da zamansa, a biya shi, a kuma ɗora masa riƙon sirrin maras lafiya, domin yanzu ciwon mace kan fita gari ta bakin wanda ya fassara. Rahoton annoba na mako a fitar da shi da Hausa a tura wa gidajen rediyo, kada kowane ɗan jarida ya kwana yana fama da taux de létalité, wato yawan waɗanda suka mutu cikin waɗanda suka kamu.

A kuma tuntuɓi ƴan'uwanmu na Najeriya. Tsakanin Ƙonni da Illela ta Sakkwato kasuwa ɗaya ce, aure ɗaya ne, rediyon da ake ji ma ɗaya ne. Cutar maƙogwaron da ta addabi Kano a 2023 ita ce ta ɓulla a Matamai a shekarar, can ana cewa mashaƙo, wasu na cewa maƙarau, mu kuma muna cewa diphtérie. Su Ingilishi ke ƙarƙashin fassararsu, mu Faransanci, sai mai saurare ɗaya ya ji suna uku ya ɗauka cuta uku ce. Abin da na faɗa a kan Hausa kuma ya hau kan Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. Mutanen Cintabaraden da cutar dabbobin nan ta fi taɓawa, yawancinsu Hausa harshen kasuwa ce a wurinsu, ba na cikin tanti ba.

Ba sai an jira babban taro ba. Kafin hunturu ya shigo da sanƙarau da ƙyanda, a fitar da ƴan shafuka da ƴan muryoyi a kan rigakafi da sanƙarau da ƙyanda da shawara da tamowa, a gwada su a gunduma ɗaya ko biyu, a ji abin da iyaye suka fahimta, a gyara. In jihar Tawa aka zaɓa, tsofaffin ma'aikata irina da masu shirin lafiya a rediyo muna nan, za mu yi aikin.

Allah ya ƙara wa Minista lafiya. Ka huta lafiya.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin jinya, Tawa.